Warin da ya hana mu sakat a motar gida, da yadda muka gano inda yake fitowa

A zangunanmu mota ɗaya takan ɗauki nauyin gida guda. Ita ke kai yara makaranta da safe, ita ke kai tsohuwa asibiti, ranar suna ko biki kuwa ita ke jigilar tukwane da baƙi. Yawancin motocin nan an riga an more su a Amurka ko Kanada ko Turai kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema, su ne muke ce wa "hom yus". Sukan zo da shekarunsu, sukan kuma zo da wasu kayan da aka ƙera saboda ƙasashen sanyi, waɗanda mai motar zai iya shekara biyar bai san suna ciki ba.

Idan mota ta fara wata ƙara, nan da nan mukan nemi fita, wato bakanike. Idan jar fitila ta kama a dashbod, hankali yakan tashi. Amma idan wari ne, abin da aka saba shi ne a sayi turaren ratayawa a maƙala a madubi, a ci gaba da tafiya. Alhali sau da yawa wari yakan riga ƙara da fitila sanar da matsala, wani warin ma yana tafe da abin da ke iya kashe mutum. Shi ya sa na ga ya dace in ba masu karatu labarin mako biyar da muka yi muna neman tushen wani wari a motar gidanmu a Kumasi, da abin da na koya a hanya, ko wani zai huta da asarar kuɗi da lokaci.

Kowa da nasa hasashen

Motar ta Yayana ce, mai kujeru bakwai, ta haura shekara goma sha biyu da ƙerawa. Ni nake tuƙa ta ranakun aiki, saboda makarantar da nake koyarwa tana kan hanyar makarantar yaranmu. Warin ya fara ne kaɗan-kaɗan. Ba ɗoyi ba ne irin na mushe. Wani abu ne mai zaƙi-zaƙi, kamar an ƙona sukari an haɗa da maganin tari na yara, yana kuma ɗan kama maƙogwaro idan mutum ya daɗe a ciki.

Mma ta ce ɓera ne ya mutu a wani lungu. Matar Yaya ta ce yara ne suka zubar da zoɓo ƙarƙashin kujera. Wani kawunmu da ya shiga motar sau ɗaya ya kira Yaya gefe, ya ce masa ya dage da addu'a, don irin wannan wari da ba a ganin tushensa ba a rasa hannun mutane a ciki. Addu'a dai kullum muna yi, amma an kai motar wajen wanki, aka fitar da tabarmin ƙasa, aka wanke kujeru da sabulu. Ba a ga ɓera ba, ba a ga zoɓo ba. Kwana biyu ƙamshin sabulu ya rufe komai, rana ta uku warin ya dawo yadda yake.

Daga nan Yaya ya kai ta wajen wani mai gyaran esi a unguwa. Ko shiga motar bai yi ba ya ce gas ne ke zuba. Ya ƙara gas, ya karɓi kuɗinsa. Esin dama yana sanyi ƙalau kafin a kai, gas ɗin da ake sa wa yawancin motocin nan kuwa kusan ba shi da wari. Washegari muka ji abinmu kamar ba a taɓa ba.

Abin da ya sa maganar ta zama babba shi ne bikin ƙanwarmu a Tamale. Daga Kumasi tafiyar kilomita wajen 380 ce, ta Techiman da Kintampo da Buipe, kuma motar za ta ɗauki Mma da mata biyu da yara. A daidai lokacin ne ƙaramar 'yar Yaya, wadda takan zauna kusa da gaba, ta fara cewa kanta na ciwo idan mun daɗe a cunkoso. Yaya ya ce a tafi kawai a sauke gilasai. Na ce masa, "Yaya, ku ba ni mako ɗaya. In ban gano komai ba, sai mu hau bas, motar ta zauna."

Littafi da biro

A kwalejin horar da malamai an koya mana abin da nake koya wa ɗalibaina a darasin kimiyya: ka lura, ka rubuta, kuma kada ka canza abu biyu lokaci guda. Na ajiye ƙaramin littafi a aljihun ƙofa, na riƙa amsa tambayoyi huɗu duk lokacin da na shiga motar. Yaushe warin ke farawa? A wane waje ya fi ƙarfi? Da me ya yi kama? Me ke ƙara shi, me ke rage shi?

Akwai wata dabara da ta taimaka. Hanci yana saurin sabawa da wari, bayan 'yan mintoci sai mutum ya daina ji ko da abin na nan. Don haka nakan tsaya in fita in sha iska na ɗan lokaci, sannan in dawo in shinshina wurare ɗaya bayan ɗaya: gaba, tsakiya, but, sai bakin bonet.

Cikin kwana biyar ga abin da littafin ya nuna. Da asuba, kafin a tayar da inji, warin kaɗan ne ƙwarai. Yakan taso ne bayan tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin, daidai lokacin da allurar zafi ta kai tsakiya. Ya fi ƙarfi a wajen ƙafar mai zaman gaba. A but babu shi, a bakin bonet ma kusan babu. Idan na kunna fanka sai ya ƙaru, ko esi na aiki ko ba ya aiki. Sannan na gwada maɓallin nan da ke hana iskar waje shiga, ya bar ta ciki tana zagayawa. Da warin daga inji yake shigowa, ya kamata ya ragu idan an toshe iskar waje. Bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Wannan ya nuna mini tushen yana cikin ɗakin motar tare da mu.

Abu na ƙarshe da na rubuta shi ne gilashin gaba. Daga ciki yakan yi wani hazo mai maiƙo a ƙasa-ƙasa, in ka goge da tsumma sai ya bar shafi, washegari ya dawo.

Waɗanda ke kisa aka fara kawarwa

Kafin a nemi ainihin abin, sai da na tabbatar ba ɗaya daga cikin masu haɗarin gaggawa ba ne. Ga su, don kowane mai mota ya kamata ya san su.

Na farko hayaƙin salansa. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ita kanta ba ta da wari ko launi. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, sai jiki ya rasa iska mutum bai sani ba. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi, kuma sukan lafa idan an fita daga motar. Takan shigo ta salansa da ta huje, ko ƙasan mota da tsatsa ta ci, ko robar ƙofar baya da ta yage, musamman a manyan motoci masu ƙofa a baya. Ciwon kan yarinyar ne ya sa na fara da wannan. Aka ɗaga motar aka bi salansa daga inji har wutsiya, lafiyarta ƙalau. Robar ƙofar baya ce ta ɗan tsage a kusurwa, muka canza ta a ranar. Warin bai tafi ba, amma an rufe ƙofa ɗaya.

Na biyu fetur. Kowa ya san warinsa, sai dai ba kowa ya san inda yake ɓuya ba. Murfin tanki da robarsa ta bushe, tiyon mai da ya tsage, ko robar famfon mai, wanda a motoci da yawa yana ƙarƙashin kujerar baya. Haka kuma al'adar nan ta cewa a cika tanki har baki bayan famfon gidan mai ya tsaya da kansa takan tura fetur cikin gwangwanin gawayin da aikinsa tsotse tururi ne kawai, sai motar ta yi ta wari. In ka ji fetur ko ka ga yana ɗiga, kashe inji, a fitar da kowa.

Na uku gas, ga masu motocin da aka mayar suna amfani da gas ɗin girki, kamar tasi da yawa a ƙasar nan. Da gangan ake sa masa wari mai ƙarfi don a gane in yana zuba. Ya fi iska nauyi, don haka a ƙasan but da wajen ƙafafu yake taruwa. Tamu ba ta gas ba ce.

Na huɗu warin roba mai ƙonewa, wani lokaci kamar na kifi. Wannan waya ce ta yi zafi. Yakan faru idan fis ya ƙone aka ɗaure wurin da zaren waya, ko aka sa fis da ya fi ƙarfin layin, ko aka jona rediyo da fitilu barkatai. Daga nan gobara ke tashi.

Na biyar warin ruɓaɓɓen ƙwai. Yana iya fitowa daga matatar hayaƙi da ke jikin salansa in ta lalace, ko daga batir da ake yi wa caji fiye da ƙima har ruwansa ya tafasa. Lafiyayyen batir yana nuna wajen bolt 12.6 idan inji a kashe yake, in an tayar kuma tsakanin 13.5 da 14.7. In ya haura 15, a duba altaneta. Wasu motocin batirinsu a but yake ko ƙarƙashin kujera, da ɗan siririn tiyo mai fitar da iskarsa waje, wanda akan manta a mayar idan an canza batir. Iskar guba ce, batirin kuma na iya fashewa. Na aro mita a wajen abokin aikina, tamu ta nuna 14.1.

Na shida ba daga motar yake ba, daga kayan da muke ɗauka ne. Masu sayo masara da wake daga arewa sun san ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu don kashe ƙwari. Da ta ji danshi sai ta saki iskar fosfin, mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, kuma tana kisa a rufaffen wuri. Bai kamata buhun da aka sa wa ita ya shiga mota ɗaya da mutane ba. Haka maganin ciyawa da na ƙwari da ya zube a kafet. Na tambayi Yaya, ya ce rabon motar da ɗaukar hatsi tun bara.

Sauran warin da aka saba ji sun fi sauƙin ganewa. Baƙin mai da ke ɗiga kan ƙarfe mai zafi yana ba da ƙauri da ɗan hayaƙi daga bonet. Birki ko kuloci da suka yi zafi suna ƙauri bayan gangara ko cunkoso. Warin tsami ko na rima da ke bugowa da zarar an kunna esi kuwa, funfuna ce a cikin akwatin sanyi, sau da yawa saboda tiyon da ke zubar da ruwan esi ya toshe. Babu wanda ya dace da abin da na rubuta.

A Magazin

Ranar Asabar muka nufi Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota da ƙere-ƙere da duk mai mota a Kumasi ya sani, inda dubban mutane ke cin abinci da sifana da walda. Wani dattijon fita ne da mahaifinmu ya daɗe yana hulɗa da shi, kowa Masta yake ce masa. Bayan gaisuwa na miƙa masa littafin. Ya ce in karanta masa, idonsa ba ya son ƙananan rubutu. Ina kaiwa wajen hazon gilashi ya ɗaga hannu, ya juya wajen Yaya.

"Alhaji, kana ƙara mata ruwa?"

"Ina ƙarawa, Masta. Duk mako biyu haka nakan zuba piya wata ɗaya ko biyu. Ai zafi ake yi."

"Ka taɓa ganin ruwa a ƙasa inda take kwana?"

"Ko ɗigo."

"To ina ruwan yake zuwa?"

Ya ce lafiyayyar mota ba ta shan ruwa haka, ko ana zafi ko ba a yi, don hanyar ruwan a rufe take. In ruwa na raguwa kuma ba a ganinsa a ƙasa, wuri biyu ake fara dubawa. Ko gasket ɗin kan inji ya ƙone ruwan na shiga cikin inji, ko kuma yana zuba a cikin ɗakin mota. Ya zaro sandar awon baƙin mai, man bai yi fari-fari kamar madara ba. Ya sa aka tayar da inji, salansa ba ta fitar da farin hayaƙi. Ya ce alhamdu lillahi, da alama ba gasket ba ne.

Sai ya buɗe ƙofar mai zaman gaba, ya cire tabarmar roba, ya ɓalle gefen kafet ya tura hannu ƙasa. Saman kafet ɗin a bushe yake, amma soson da ke ƙarƙashinsa ya jiƙe sharkaf. Ya murza yatsunsa ya miƙo mini. "Ticha, taɓa ka ji." Ruwan yana da santsi, da ɗan launin kore da ya haɗu da tsatsa, warinsa kuwa shi ne wanda ya dame mu, sai dai ya fi ƙarfi. Ya ce da ruwan esi ne da zai zama fari tas, ba santsi, ba wari.

Bai tsaya nan ba. Da injin ya huce, ya ɗaura wani ɗan famfo mai agogo a bakin lagireto, ya hura iska har allura ta kai adadin da aka rubuta a murfin. Muna tsaye allurar ta riƙa sauka a hankali. Yaronsa ya kwanta da tocila a ƙarƙashin dashbod, ya ce ga shi nan yana ɗiga.

Lagireton da ba mu san da shi ba

A bayan dashbod na kusan kowace mota akwai wani ƙaramin lagireto, girmansa bai wuce littafin karatu mai kauri ba. Shi ne hita. Tiyo biyu ne ke ratsa bangon da ya raba inji da ɗakin mota, ɗaya ya kawo ruwan zafi daga inji, ɗaya ya mayar. A ƙasashen sanyi fanka ke hura iska ta cikinsa don ɗumama mutane da narkar da ƙanƙara a gilashi. Mu a nan ba mai kunna shi, shi ya sa aka manta da shi. Amma a motoci da yawa ruwan zafin yana bi ta cikinsa kullum, ko an kunna ko ba a kunna ba. Wata 'yar ƙofa ce kawai ke hana iska bi ta kansa.

Da wannan bayanin duk abin da ke littafina ya zauna daram. Idan inji ya yi sanyi, ruwan ba shi da matsi, ƙaramin huji ba ya zubar da komai. Bayan tafiyar kwata na awa ruwan yakan kai zafin digiri 90 ko fiye, matsi ya taru, sai ya fara tsartuwa ta hujin. Wani ya zama tururi, fanka ta kwaso shi ta watsa mana a fuska da gilashi, shi ne hazon mai maiƙo. Saura ya gangara cikin soson kafet, inda tabarmar roba ta rufe shi. Wankin da aka yi ma ya taimaka wajen ɓoye shi, don duk wanda ya ji danshi a lokacin zai ɗauka ruwan wanki ne bai bushe ba.

Me ya huda shi? Masta ya ce tsatsa. Ruwan lagireto na asali, mai launin kore ko ja ko ruwan hoda, ba don sanyi kaɗai aka yi shi ba. Yana ɗauke da sinadaran da ke hana ƙarfe ruɓewa, yana kuma ɗaga zafin da ruwa ke tafasa. Sinadaran nan suna ƙarewa da shekaru. In ba a canza ruwan ba, aka kuma riƙa ƙara ruwan famfo ko na rijiya ko na leda, sai ya tsinke, tsatsa ta fara cin wurin da ya fi siranta. Bututun hita kuwa sirara ne ƙwarai. Motar da ta yi shekaru a waje, ta zo nan ta ƙara wasu, ba mamaki nan ta fara yoyo.

Zaƙin da ke kashe ƙoda

Sinadarin da ke ba ruwan lagireto wannan wari mai zaƙi sunansa etilin gilaikol. Tururinsa yana iya sa ƙaiƙayin maƙogwaro da ido da ciwon kai, amma babban haɗarinsa a sha ne. Ɗan kaɗan ya isa ya yi wa ƙaramin yaro mummunar illa. Da farko yaron zai yi kamar wanda ya bugu, yana tangaɗi da amai. Daga baya yana iya yin kamar ya warware, alhali gubar na aiki a ciki, cikin kwana ɗaya zuwa uku ƙoda ta tsaya.

Masu bin labarai za su tuna abin da ya faru a Gambiya. A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan wasu magungunan tari da mura na yara guda huɗu da aka samu sun gurɓata da wannan sinadari da ɗan uwansa dayetilin gilaikol, ta kuma ce ana danganta su da mutuwar yara 66 sakamakon lalacewar ƙoda. Wannan sinadarin ne ya jiƙa soson motarmu, a daidai wurin da yara ke sunkuyawa su ɗauki biskit ɗin da ya faɗi.

Saboda haka kada a taɓa zuba ragowar ruwan lagireto a robar lemo ko ta ruwan sha, don launinsa da zaƙinsa na jan yara, har da kuliyoyi da awaki. In ya zube a tsakar gida a wanke da ruwa mai yawa. In kuwa ana zargin yaro ya sha, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa masa yatsa a baki don ya yi amai, kada a jira a ga alama. A kai shi asibiti nan take, a tafi da robar don likita ya gani. Akwai magani, amma yana aiki ne in an zo da wuri. Lambar kiran gaggawa a Gana ita ce 112.

Gyara iri biyu

Masta ya shimfiɗa mana zaɓi biyu. Na farko a sayi sabon hita a sa. Kayan ba shi ne tsadar ba, aikin ne, don a irin motarmu sai an kwance dashbod kusan gaba ɗaya, aikin yini guda ko biyu, kuma in hannun bai ƙware ba a mayar maka da dashbod mai ƙara da wayoyi a sake. Na biyu a cire hitan daga layi: a zare tiyo biyun nan daga bangon inji, a haɗa su da juna da ɗan bututu da kilif, ruwan ya riƙa zagayawa ba tare da ya shiga ɗakin mota ba. Abin da za a rasa shi ne iska mai ɗumi da sanyin safiya lokacin hunturu. Hazon gilashi na damina kuwa esi na iya share shi.

Yaya ya tambaya ko ba za a zuba maganin nan na toshe huji da ake sayarwa a kwalba ba, tunda ya fi araha. Masta ya girgiza kai. Ya ce yakan riƙe na ɗan lokaci, amma yana iya toshe ƙananan hanyoyin babban lagireto, kuma ba zai ɗora tsohuwa da yara a kan hanyar Tamale da irin wannan gyara ba. Ya ƙara da cewa hujin da ke ɗiga yau yana iya fashewa gobe, ruwa mai tafasa ya zubo wa na gaba a ƙafa, gilashi ya rufe da tururi ana cikin gudu, inji kuma ya ƙone don rashin ruwa.

Muka zaɓi na biyu. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Aka zubar da tsohon ruwan, aka wanke layin har ruwa ya fito fari, aka zuba sabon ruwan lagireto irin wanda littafin motar ya ce, aka fitar da iskar da ta maƙale a ciki. Ya sake ɗaura famfonsa, allura ta tsaya cak. Duka kuɗin bai kai na cika tanki ɗaya ba.

Saura kafet. In ba a taɓa shi ba warin zai zauna watanni, don sinadarin ba ya bushewa da sauri kamar ruwa. Muka ɗaga shi, aka yanke soson da ya jiƙe aka jefar, aka wanke ƙarfen ƙasa da sabulu, kafet ɗin ya sha rana kwana biyu. Na ci gaba da rubutu a littafina har kwana huɗu bayan haka. Ba wari, ba hazo, ruwan bai ragu ba. Yarinyar mun kai ta asibiti aka duba ta, aka ce lafiyarta lau, ba ta kuma sake kukan kai a mota ba. A hanyar Tamale mun tsaya a Techiman da Kintampo, ina duba robar ruwan daga waje, tana nan a kan layinta.

Kafin ka je wajen fita

Wanda ya je wajen mai gyara ya ce "motata na wari" kawai, ya ba shi damar yin hasashe, kuma kowane mai sana'a abin da ya iya zai fara zargi. Mai esi zai ce gas, mai wuta zai ce waya. Ka je da bayani: lokacin da warin ke farawa, wurin da ya fi ƙarfi, abin da ya yi kama da shi, ko yana canzawa in ka kunna fanka ko ka toshe iskar waje, da duk abin da kake ƙarawa a motar a kai a kai, ruwa ne ko mai. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi, don tambayar ruwan ce ta buɗe mana hanya. Ka kuma nemi a nuna maka wurin da ke zubar da idonka kafin ka biya.

A cire turaren ratayawa har sai an gano tushen, don rufe warin yake yi. A duba ruwa da safe kafin a tayar da inji, kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi. A ajiye abin kashe gobara inda hannu zai kai. In kuwa direba ko yara suka fara ciwon kai ko jin barci a hanya ba dalili, a sauke gilasai, a tsaya a wuri mai aminci, kowa ya fito, kada a ce bari mu ƙarasa tukuna.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya kai kowa gida lafiya.